Ta Saman Kafaɗata

Mata ashirin da uku suka shiga ajin saƙa da nake koyarwa ta waya. Kafin wata ya ƙare saura bakwai, ni kuwa na ce lalaci ne. Kullum nakan jingina wayar da gwangwanin zare, in zauna ina fuskantarta, in ɗaga kwarashi ina nunawa. Duk hoton da suka turo, saƙar a harɗe take.

Ran nan raina ya ɓaci, na yi musu wankin babban bargo. Har na ce wa wata dattijuwa da muke kira Goggo hannunta ba na sana'a ba ne.

Ba ta ja da ni ba. Cewa ta yi, "Malama, don Allah ki kunna darasin jiya, ki bi shi da hannunki."

Na kunna, na ɗauki zare. Matar da ke cikin wayar tana fuskantata, damanta a haguna yake. Sau uku ina bin ta, sau uku zaren yana harɗewa. Shekara goma sha biyar ina saƙa, na kasa bin kaina! Sai na tuna a gefen mahaifiyata na koya, ba a gabanta ba.

Washegari na ɗaure wayar ta saman kafaɗata, hannuwana kaɗai ake gani. Gara haka, don ba ni da idon kallonsu. Kafin a tashi, Goggo ta turo layi huɗu tsaf.

Na ce, "Goggo, ki yafe mini."

Ta ce, "Na yafe, 'yata. Amma sha shidan da suka tafi fa, wa zai gaya musu hannunsu lafiya lau yake?"