Yarinyata

Jakar Anti Manaja ta fara yanka mata kafaɗa tun kafin a gama tafi. Ta sauya kafaɗa, ta gyara tsayuwa cikin takalmin yayarta mai matse mata ɗan yatsa, ta bi bayan Anti zuwa teburin shayi.

Tun da ta gama karatun akanta gwaggonta ta haɗa ta da wannan mata. "Ki manne mata, ita ta san mutane." Ta kuwa manne. Ita ce gaisuwar safe, ita ce ɗauko yara daga makaranta, ita ce rubuta jawabi, har wanda Anti ta karanta ɗazu aka miƙe ana tafi. A gida ƙannenta sun daina kiran ta Yaya, sai Direban Jaka. Yau Daraktan da ke neman akanta yana zauren nan, kuma Anti ta yi alkawarin gabatar da ita.

Ga shi nan, kofi a hannu.

"Ranka ya daɗe," in ji Anti, tana jawo ta da gefen mayafi, "ga yarinyata. Ba ta gajiya, ba ta ƙorafi."

Ta rusuna. Duk abin da ta shirya faɗa yana kan harshenta.

Darakta ya dube ta daga takalmi zuwa jaka. "Kai, kin dace! Tamu ta gudu da wayar uwargida. Wannan ta iya guga?"

Ta juya ta kalli Anti. Kalma ɗaya ta isa.

Anti ta tuntsire da dariya, har da dafa ƙirji. "Ai ba abin da ba ta iya ba."

"To in tana da ƙanwa, a turo mana." Ya miƙo mata kofin da ya gama sha, ya juya wajen wasu.

Kofin da sauran ɗumi. Ta riƙe shi.

"Anti," ta ce a hankali, "ya ɗauka 'yar aiki ce ni."

"Na ji."

"Ba ki gyara masa ba."

Anti ta ciro madubi tana duba jan bakinta. "Ke ma dai da abin dariya. In ya ɗauke ki, wa zai rubuta min jawabin taron jibi? Miƙo min turarena."

Ta sauke jakar daga kafaɗa. Ba ta buɗe ba. Ta ajiye ta a ƙasa, tsakiyar zauren, inda kowa ke wucewa, ta ɗora kofin Darakta a kai, ta daidaita shi don kada ya faɗi.

"Ke! Wane iskanci ne wannan?"

Ta nufi ƙofa, kai a sama. Takalmin ya riga ya fasa mata yatsa, tana jin danshin jini. Ba ta yarda ta ɗingisa ba sai da ta sha kwana.