Muryar Mai Gyaran Agogo

A ɗakin kallo na laburaren jami'a akwai talabijin a jere, kowace da ɗan shingenta na katako da kujerarta, sai dai ta ƙarshen lungu ba ta da murya. Hedifon ɗinta ya mutu tun kafin 'yan ajin nan su shigo, an kai ƙorafi har an gaji. Ɗaliban aikin jarida kan yi rububin sauran, su bar wannan ga wanda ya makara. Wata ɗaliba a cikinsu kuwa, ko ta riga kowa zuwa, can take wucewa, har ƙawayenta suka laƙaba mata Ta-Lungu.

Faifai ɗaya take karɓa kullum a hannun Anti, matar da ke riƙe da makullin ɗakin. Wani ɗan fim ne da tsofaffin ɗalibai suka ɗauka a shagon mai gyaran agogo, hoton duk ya koɗe. Mutumin na zaune da tabarau a karan hanci, yana tonon cikin agogo da ɗan tsinke, can sai ya ɗago, ya karkata kai hagu kafin ya buɗe baki. Sak yadda Babanta yake yi, Allah ya jiƙansa.

Muryar Baba ta daɗe da guje mata. Tana sakandare ya rasu, wayar da ke ɗauke da saƙonninsa kuma ta faɗa ruwa. Fuska dai ga ta nan a hoto, amma murya ba a rataye ta a bango. Sai a wannan lungun, cikin sanyin esi da warin tsofaffin takardu, da mutumin ya motsa leɓe sai ta ji muryar Baba, mai kauri, a hankali, kamar daga ɗakin kusa. Ya tambaye ta ko ta ci abinci. Ya yi mata faɗan barin takalmi a bakin ƙofa. Wani lokacin tsokana ce, wai kunnuwan kakarta ta kwaso. Haka za ta tallafe haɓa, hasken talabijin na wasa a fuskarta, ta manta da kowa, har Anti ta ƙwanƙwasa katakon ta ce ai ko kurma ne ya isa ya haddace fim ɗin nan.

Da aka ce kowa ya zaɓi fim ɗin da zai yi nazari a kai, ba ta ko yi tunani ba ta ambaci nata. Sai daga baya Malamin ajinsu ya ce nazarin na sauti ne, kowa ya kawo abin da aka faɗa da yadda aka faɗe shi. Tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka. A makon ne kuma aka sauke kwalaye a laburare, sababbin hedifon fil a leda. Anti, da murnarta, lungun ta fara kai wa.

"Yau dai za ki ji mutumin naki," in ji ta, tana jona waya.

Ta-Lungu ta daɗe riƙe da abin a cinya. Tsoro take ji ƙwarai, ta kuma san na mene ne. Amma aiki na jira, Malam kuwa ba ya ɗaga ƙafa. Ta sa a kunne.

Ƙarar agoguna ce ta fara cika mata kai, kowanne da nasa bugun. Sai mutumin ya ɗago, ya karkata kai. 'Yar siririyar murya ce da shi, da hanci yake magana, da sauri kamar ana korarsa. Mita yake ta yi a kan masu kawo gyara su ƙi dawowa ɗauka. Mutum ne mai ban dariya, har sai da ta murmusa ba ta so ba. Ta rubuta duk abin da Malam yake nema.

Da ta gama ta cire hedifon ɗin, ta tura shi gefe, ta mayar da fim ɗin farko. Ta tallafe haɓa ta jira. Mutumin ya ɗago, ya karkata kai, leɓensa suka motsa cikin shiru, sai ta ji siririyar muryar nan tana mitar agogo, kalma bayan kalma. Ta sake mayarwa. Ta rufe ido, ta kira Baba a zuci, ta buɗe. Mai gyaran agogo ne dai.

Anti ta leƙo ta saman katakon, ta tambaya ko sabon yana yi.

"Yana yi, Anti," ta ce, ba ta juyo ba. "Komai ana ji."