Wuƙar da Zaki Ya Ƙera

Lawwali mahauci ne, yana da tukubar tsire a bakin iyakar Jibiya, daidai inda manyan motoci ke jeruwa suna jiran kwastan kafin su wuce Maraɗi. Wuƙar da yake aiki da ita ba ta kanti ba ce. Zaki ne ya ƙera ta, wani tsohon maƙeri daga wata unguwar Maguzawa a bayan Daddara, aminin marigayi mahaifin Lawwali. Zaki ya shiga addinin Kirista tun da jimawa, amma hakan bai taɓa shiga tsakaninsa da gidan su Lawwali ba.

Da ƙarfen sifirin na mota ya ƙera ta, ya yi mata ƙota da icen marke, ya sa aka ɗinka mata kube na fatar akuya. Duk ranar kasuwa sai ya biyo ta tukuba, ya zauna a benci, ya miƙa hannu. Lawwali ya ba shi wuƙar, shi kuma ya gwada kaifinta a farcensa, ya ɗiga ruwa a dutse ya wasa ta a hankali.

"Kada ta kwana da jini," yakan ce. "Ka wanke, ka goge ta bushe, ka shafa mata kitse. Kuma kada ka kai ta ga masu injin wasa wuƙa, ƙone ta za su yi."

Da aka ƙaddamar da shari'a a Katsina, hirar bakin tukuba ta canza. Kullum maganar wanda aka kama da giya ce, da wanda ya tattara ya koma tsallaken iyaka. Wanda ya fi kowa ɗaga murya shi ne Mahmudu, wani ɗan kamasho a tasha. Wata ranar kasuwa, Zaki yana zaune yana wasa wuƙar, Mahmudu ya dube shi, ya dubi Lawwali.

"Wai da wuƙar arne kake yanka mana naman da muke ci?"

Mutane suka yi dariya. Lawwali ya san ba inda addini ya hana, amma idanu sun yi masa yawa.

"Ni saye na yi," ya ce. "Shi kuma zuwa yake yi ya zauna, ban iya korarsa ba ne."

Zaki bai ɗago kai ba. Ya gama wasawa, ya goge wuƙar da gefen rigarsa, ya ajiye a kan tebur, ya ɗauki sandarsa. Bai sake zuwa ba.

Lawwali ya kasa ci gaba da riƙe wuƙar. Ya sayi wata mai ƙyalli a hannun wani direba, ita kuma ta Zaki ya cusa ta cikin kube ko wankewa bai yi ba, ya jefa a bayan buhun gawayi. A nan damina ta same ta, a nan ta bar ta.

Bayan kaka, yana tsaka da soke nama, sai ya ji sallama. Zaki ne, ya rame, amma murya tana nan.

"Lawwali, za mu aurar da Susanna, autata. Na sayi san biki. Ina son Musulmi ya yanka, don maƙwabtanmu su ci ba tare da shakka ba. Ubanka ne ke yi mani wannan. Ka taho da wuƙarka."

"To, Baba," Lawwali ya ce, idonsa a kan garwashi.

Da ya ɗauko wuƙar daga bayan buhun gawayi zai zaro ta, sai da ya yi da ƙarfi, don ta manne da kuben. Tsatsa ta rufe ta ja wur, ƙotar ta tsage. Ya dirza da toka, ya dirza da yashi da lemun tsami, jan ya ragu amma ƙarfen ya yi ramuka. Ranar biki na matsowa, sai ya kai ta wajen mai inji a tasha. Yana tsaye tartsatsi na tashi, bakin wuƙar ya yi shuɗi, ya koma kamar an gutsura.

Ya yi tunanin ya ce ba shi da lafiya. Ya yi tunanin ya tafi da sabuwar kawai. A ƙarshe ya sa duka biyun a jaka, ya hau babur.

Ya tarar da gidan cike. An ɗaure san a gindin tsamiya, dattawan unguwa, Musulmi da Kirista, suna zaune a tabarma. Damaris, matar Zaki, ta kawo masa ruwa, tana tambayar lafiyar matarsa Hasiya. Zaki ya taso ya miƙa hannu.

"Kawo in gyara mata baki kafin a kayar da shi."

Lawwali ya ba shi tsohuwar wuƙar. Tsohon ya zaro ta kaɗan, ya tsaya. Sai ya juya wa mutane baya, ya mayar da ita cikin kube.

"Dutsena yana maƙera," ya ce da ƙarfi yadda kowa zai ji. "Taho ka riƙe mani ruwa."

A rumfar maƙera ba kowa. Zaki ya zauna, ya ɗaga wuƙar a haske, ya daɗe yana kallo.

"Inji ne?"

"Inji ne, Baba."

Ya ɗauki magagari ya cinye wurin da ya ƙone har ya kai ga ƙarfe mai kyau, ya ɗaure ƙotar da waya, sannan ya koma kan dutse. Yakan tsaya ya huta ya ci gaba. Lawwali yana tsugune yana ɗiga ruwa.

"Baba, maganar da na yi rannan…"

"Ƙara ruwa," in ji Zaki.

Da ya gama, wuƙar ta sirance, ta yi kusan rabin faɗinta na da.

"Za ta yanka," ya ce. "Ramukan ga dai ba su fita. Tashi, mutane na jira."

Samari suka kayar da san, suka fuskantar da shi alƙibla. Lawwali ya yi bisimilla, ya ja sau ɗaya, aka gama. Dattawa suka sa albarka, wani ya ce hannun ubansa ne sak. Lawwali ya sunkuyar da kai ya kama fiɗa. Shi kaɗai ya feɗe san, ya sassara ƙashi, ya kasa nama, har ya wanke kayan ciki, aikin da ba wanda ya sa shi. Da aka kawo masa tuwo, loma biyu ya yi ya ture.

Da la'asar ya nemi Zaki su yi sallama, aka ce ya tafi coci tare da dangin ango. Damaris ta ɗaura masa ƙullin nama a bayan babur, ta ce na Hasiya ne.

Da ya isa gida, Hasiya ta kwance ƙullin ta ga cinya guda har da hanta.

"Duk wannan namu ne? Yaya bikin?"

"An yi lafiya," ya ce, ya ɗauki buta da wuƙar ya zagaya bayan ɗaki, don kada ta kwana da jini.