Alƙalancin Gwangwani

Wata uku Kafinta ya yi yana aikin gadon. Tun ranar da aka bugo waya aka ce matar ɗansa Auta ta sauka, an samu namiji, ya ture aikin mutane gefe, ya ciro katakon da ya daɗe yana ɓoyo a bayan shago. Babu ƙusa ko ɗaya a jikin gadon. Kowace sanda sai da ya fiƙe ta, ta shiga raminta ta zauna daram. Da tafiya ta tashi ya kwance shi, ya jera a akwatin katako da ya haɗa da hannunsa. Jirgin sama biyu suka hau zuwa ƙasar waje, shi da matarsa da akwatin. Ita tana ta zancen hutu da ganin gari. Shi ba hutu ya zo ba.

Gidan Auta a hawa na shida yake, ɗaki biyu da falo, taga ba ta buɗuwa sai rabi. Ko ruwa bai sha ba ya durƙusa a tsakiyar falo ya haɗa gadon. Tsohuwa, matar tasa, kuwa ta riga ta cafe jariri.

"Ga sabon ango na samu," in ji ta. "Tsohon ya je ya auri katakonsa."

Matar Auta nas ce a asibitin yara. Ta zagaya gadon, ta shafa, ta yaba. Sai ta shiga kicin ta dawo da gwangwanin lemo. Ta tura shi tsakanin sanduna biyu. Ya wuce sumul, ya faɗa ciki. Ta yi wa mijinta magana ƙasa-ƙasa.

Auta ya sosa ƙeya. "Baba, gado ya yi kyau ƙwarai. Sai dai tazarar sandunan ta yi faɗi. In gwangwani ya wuce, jikin yaro zai wuce, kansa ya maƙale."

"In ji wa?"

"Haka ƙa'idar take, Baba."

"Shekara hamsin ina wannan aiki. Kujerar da ka zauna ka yi karatun da ya kawo ka nan, wa ya yi ta? Ta taɓa kayar da kai? Yau gwangwani aka kira ya yi mini alƙalanci?"

"Baba, ku yi haƙuri," in ji surukar. "Na gani da idona ne a wurin aiki."

Bai dube ta ba. "Gaya wa matarka na ji."

Ya leƙa ɗakin yaron. Ga wani farin gado na kanti, garin katako da aka matse da gam. Ya sa yatsa ɗaya ya girgiza shi. "Wannan ne gado? Atishawa ɗaya ta ishe shi."

Kwana huɗu bai fita ba, bai kuma ɗauki jikan ba. Aka je ganin kogi, aka je manyan kantuna, yana zaune yana hararar bango. An matsar da gadon da ya haɗa lungun ƙofar wanka, har an fara ɗora masa tawul. Ran kwana na huɗu ya ce wa Auta ya canja masa tikiti, gida zai koma.

"Girman kai rawanin tsiya," in ji Tsohuwa. "Ka keto duniya don ka yi gaba da ɗan wata uku?"

"Ba da ke nake ba."

Washegari da hantsi Auta yana wurin aiki, surukar tana wanka. Tsohuwa ta zo ta dire masa jariri a cinya. "Riƙe mini angona, ruwa na kan wuta." Ta wuce kafin ya buɗe baki.

Yaron ya zuba masa ido, yana harbin iska. Hannun Kafinta kuwa ba ya zama. Ƙofa ce, tebur ne, duk abin da ya taɓa sai ya auna. Ya auna ƙirjin yaron daga gaba zuwa baya: yatsu huɗu, da ƙyar. Ya auna kan: tafinsa bai rufe shi ba.

Ya tuna da sandunan gadon. Tazarar da ya bari tafi ɗaya ce da babban yatsa, awon da maigidansa ya koya masa na bayan kujera. Bai taɓa yin gadon jariri ba. 'Ya'yansa duk a gefen uwarsu suka kwana. Ya saɓa yaron a kafaɗa, ya je lungun, ya ture tawul, ya zura hannu. Hannu ya wuce har da sauran wuri.

Ransa ya ƙara ɓaci, ga shi babu wanda zai huce a kansa.

Ya miƙa wa Tsohuwa yaron, ya sauka wurin mai kula da ginin. Ba sa jin harshen juna. Ya kwatanta yanka da hannu, ya kwatanta huda. Mutumin ya ba shi zarto da abin huda da samfefa ta gugar katako, ya nuna masa wani lungu a wurin ajiye motoci. Nan ya farfasa akwatin da ya zo da shi, ya fitar da sanduna, ya goge su har suka yi santsi kamar sabulu. Kwana biyu yana yi, yana zagin zarton mutane. Tsakanin kowace sanda biyu ya dasa sabuwa.

Ya haɗa gadon a falo. Da kansa ya ɗauko gwangwani ya miƙa wa surukar. "Ga alƙalin naki. Ya zauna shari'a."

Ta gwada na farko, ya ƙi shiga. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya, yana tsaye a kanta yana huci. Da ta kusa ƙarshe ta miƙe tana murmushi. "Ya yi, Baba."

"Saura uku. In za ki yi aiki, ki yi shi."

Ta durƙusa ta ƙarasa. Aka sa katifa, aka kwantar da yaron. Yaron ya kai ƙafa ya doki sanda, sanda ba ta motsa ba.

"Baba, maganar tikitin fa?" in ji Auta.

"Wa ya ce ka taɓa shi? Fitar mini da wancan kwalin gadon na kanti daga ɗakin yaro."

Ya karɓi gwangwanin ya jefa a jakarsa. Tsohuwa ta ce, "Shara kuma za ka kai gida?"

"Kayan aiki ne," in ji shi.