Dutse Na Uku Daga Hagu

Wani dare na ji ƙara kamar haƙora suna zubewa a kan daɓe. Na kunna fitila. Ashe kyanwa ce ta ture katakon taga, duwatsuna huɗu da nake jerawa a kai suka gangara gindin murhu.

Ƙauyenmu a ƙarƙashin Karadag yake, baƙin dutse. Tun ina yaro na ji cewa sunan ba namu kaɗai ba ne: akwai Karadag a Iran, akwai a Kirimiya, akwai a Iraƙi. Abin ya tsaya mini a rai, sai nake ganinsu kamar 'yan'uwan da aka raba tun suna goye. Na yi ta lallashin direbobin manyan motoci da shayi da busasshen inabi, kowa ya tsinto mini ɗan dutse ɗaya, na haɗa da namu. Ban sa musu alama ba, da wurin zamansu na san su. Na uku daga hagu shi ne na Iraƙi, inda aka haifi matata Gulizar kafin yaƙi ya koro su. Ta sha cewa da shi za a binne ta.

Ga su yanzu a tafina, duk baƙaƙe, babu bambanci.

"Tsoho, me ka fasa kuma?" in ji ta daga shimfiɗa. Tun farkon kaka ba ta tashi ba.

Na gaya mata.

"Kai da shirmenka! Mutane na tara tumaki, kai kana tara tsakuwa. Miƙo nan, ai ba zan kasa gane namu ba."

Ta shinshina su ɗaya bayan ɗaya. Ta ɗora a harshe. Ta manna a kumatu. Har gari ya waye tana juya su. Can ta ce a hankali, "Bektash, na manta."

"Zan aika a kawo wani."

"Wa zai je? Direban da ya kawo maka na Iraƙin ya rasu, ni kuma ba jira zan yi ba."

Ba ta ga dusar ƙanƙarar bana ba. Da aka sa ta a kabari, na durƙusa na jera duka huɗun kusa da kanta. Liman ya dube ni, ya kau da kai. Maƙwabcina Dursun, wanda ya saba yi mini dariya a shagon shayi, yana tsaye riƙe da shebur. Ya daɗe yana kallon ramin.

"To, ɗan'uwa," ya ce, "yanzu wane gida ta koma?"