Ƙofar Garejina

Shekara talatin da ɗaya na yi ina jan babbar mota. Da ta gaji, na ajiye ta a bayan gida a kan duwatsu, na sauke mata bodi. Bana na ce zan tashe ta da hannuna.

Babban ɗana ma'aikacin asibiti ne. Bai taɓa son motar nan ba. Har masu sayen tsohon ƙarfe ya taɓa kawo mini, na kore su. Amma da na ce zan kewaye ta da gini in yi gareji, sai ya ce, "Baba, bar mini wannan." Na dube shi. Ya dubi ƙasa.

Ya kawo magini da bulo da kwano. Aka kafa teburin ƙarfe, aka buga ƙusoshi a bango na rataye sifanu daga ƙarami zuwa babba. Uwarsa ma, da ke cewa motar ta cinye mata wurin shanya, ta wanke gwangwanaye ta ba ni in zuba noti. Alherin ya yi yawa. Ban saki jiki ba.

Ni ba na awo da tef. Igiya gare ni mai ƙulli biyu, faɗin motar har da bodi, da ɗan sarari. Ita na ba magini na ce, "Ga faɗin ƙofa."

Rannan da hantsi na hau kujerar direba ina gwada sitiyari. Na ɗaga kai na kalli ƙofar. Wanda ya saba shiga ƙananan gadoji da kaya ya san faɗi. Na sauko na ja igiya. Ƙofar ta gaza da tafin hannu biyu. Idan na mayar da bodi, motar ba za ta fita ba.

Na sami magini yana wanke cebur.

"Igiyata ka bi?"

"Ai tsoho, igiya takan ja idan ta sha ruwa."

"Tawa ba ta ja. Wa ya ce ka rage?"

Ya sosa ƙeya. "Ni dai abin da aka ce in gina na gina."

Da la'asar ɗana ya shigo da sabon jak na ɗaga mota a hannu, yana fara'a. Na miƙa masa bakin igiyar.

"Riƙe nan."

Ya riƙe. Na ja zuwa ɗaya gefen. Ƙullin ya wuce bango. Muka tsaya muna kallonsa.

"Gareji ka gina mini ko kabari ka gina mata?"

Ya ajiye jak. "Baba, ka gyara ta. Ka tayar da injin, ka ji ƙararta kullum. Amma titi, a'a. Idonka na hagu ba ya gani. Watan jiya ka gaida turmi a tsakar gida, ka zaci Inna ce."

"Turmin ya fi ta amsa gaisuwa."

Daga kicin uwarsa ta ce, "Ina jin ka."

Bai yi dariya ba. Ya ce, "Idan ka take ɗan wani fa?"

Na rufe idon dama da hannu na nemi fuskarsa. Hazo kawai na gani. Na daɗe da sani, ban dai taɓa gwadawa a gaban mutum ba.

Na ɗauko babbar guduma na ɗora masa a hannu.

"Kai ka sa aka gina, kai za ka fasa. Mota ba ta zama a ɗaki."

"Wa zai tuƙa?"

"Kai. Ni ina gefe. Ka sa giyarta ta yi kuka sau ɗaya, ka sauka ka taka da ƙafa."

Ya cire agogo, ya naɗe hannun riga. Na ce ya fara daga sama, kada bulo ya faɗo mini a kan fitilar mota.