Kiran Bayan La'asar

"Ki toshe musu, Bahijja! Duk wani hoto mai motsi, ki toshe shi!"

Malam Muhammadu Lawal ne ke ta faɗa a shagonsa na intanet da ke bakin titi a Kazaure. Masu rajistar jarrabawa sun cika benci, shafi ya ƙi buɗewa, samarin unguwa kuwa sun jingina da katanga suna zuƙe wayfai ɗin da kallon finafinai.

Bahijja, 'yar ƙanwarsa, ita ke kula da na'urorin. Ba ta ganin abin da mutum ke kallo, amma kwamfutarta tana rarraba mata duk abin da ke bi ta layin, kowanne da launinsa: saƙonni kore, buɗe shafuka shuɗi, bidiyo ja. Ja ya cinye allon kaf. Ta danna, ta toshe shi ɗungurungum. Nan take rajista ta kama gudu.

"Yauwa! Su je su kalli bango," in ji Kawu.

Kwanaki suka shuɗe lafiya lau. Sai ranar Laraba ta lura da wani abu a cikin waɗanda aka toshe. Waya guda ce, kullum bayan la'asar take bugo ƙofa, a kore ta, ta dawo. Yau kuwa ta ƙi haƙura sam. Bahijja ta duba yadda wayar ke yi kafin toshewar. Fim zubowa yake yi ta gefe guda kamar ruwan indararo. Wannan kuwa lugude ne, a ba ka a karɓa, mai fita daidai da mai shigowa. Kiran bidiyo ne. Ita ce ta zuba shi a kwando ɗaya da finafinai.

Ta leƙa ta taga. Ya Kura mai awara, wadda Kawu ya ba izinin amfani da wayfai saboda maƙwabtaka, ta jingina waya da robar yaji, ta ɗaga hannaye biyu tana jira. Awara na ƙonewa a kasko.

Bahijja ta fita da gudu. "Iya, wayar ce ta ƙi?"

"A'a, 'yar nan, ba komai. Abin da aka ba ka kyauta ai ba ka yi masa ƙorafi."

"Wa kike kira?"

Ya Kura ta kau da kai. "Waccan yarinyar ce ta garin Gwiwa. Ba wata magana ba ce."

Sai a lokacin Bahijja ta tuna. Ummi Kulsum, 'yar farin Ya Kura, wadda saboda kunya uwar ba ta taɓa kama sunanta ba. Kurma ce, da hannu kaɗai suke hira, Ya Kura kuma ba ta yi karatun boko ba balle a rubuto mata. Ga yarinyar da tsohon ciki, ga mijinta yana fataucin dabbobi a Babura.

"Iya! Tun ranar da na toshe ba ki gan ta ba? Kika yi shiru?"

"To me zan ce? In tsaya a titi ina cigiyar 'yar fari?"

Bahijja ta koma ciki kamar an jefo ta.

"Ke, kar ki sake ki buɗe wa 'yan iskan nan!" Kawu ya daka tsawa.

"Kawu, ba fim zan buɗe ba. Wanda ke zuwa yana dawowa kaɗai zan ware."

"Ni duk ja nake gani."

"Yanzu za ka ga ruwan ɗorawa."

Nan da nan ta raba su: mai zubowa gefe guda ya zauna a toshe, mai lugude ya wuce gaban kowa. Wani siririn zare ruwan ɗorawa ya miƙe a allon.

A waje waya ta haska. Ga Ummi Kulsum a fuskar wayar, zaune a ƙasa, gumi ya jiƙe mata fuska. Ta dafe mara, ta dunƙule hannu ta matse, ta nuna ƙofa ta girgiza kai. Naƙuda ce, kuma ba kowa a gidan.

"Ummi Kulsum!" Ya Kura ta ƙwalla, har masu rajista suka miƙe. "Ummi Kulsum, ga ni nan!"

'Yar ba ta ji ba. Unguwa ce ta ji. Hannayen uwar kuma suka shiga aiki da sauri: kwanta, ja numfashi, buga wa maƙwabciya katanga.

Kawu ya riga ya tayar da babur. "Hau, Ya Kura, sai Gwiwa! Bahijja, sa mata data a wayar, kar ta yanke a hanya. Ki kuma sauke awarar nan, ta zama gawayi."

Ya Kura ta haye ba ko takalmi, hannu ɗaya riƙe da waya, ɗayan yana ta magana.